Tom Wills, uban ƙwallon Ostiraliya

A Ostiraliya akwai wata irin ƙwallo da ba mu sani ba a nan: ƴan wasa 18 a kowane ɓangare, fili mai siffar ƙwai, a cafe ƙwallo da hannu, a shure ta da ƙafa. Sunan da ake fara kira in ana zancen asalinta shi ne Tom Wills.

An haife shi a 1835. Ya tashi a gonar tumakin mahaifinsa cikin ƙasar Djab wurrung, ƴan asalin wurin, har ya iya harshensu. Yana ɗan shekara 14 aka tura shi makarantar Rugby a Ingila, inda ya gwanance a wasan kurket. Da ya dawo, ranar 10 ga Yuli 1858 wata jarida ta Melbourne ta buga wasiƙarsa, yana kira a kafa ƙungiyar ƙwallo don kada jikin ƴan kurket ya mutu lokacin sanyi. A watan Mayu 1859 shi da wasu abokansa suka rubuta dokokin wasan na farko.

A 1861 iyalin suka nemi sabuwar makiyaya a Queensland, ƙasar da take da masu ita. Ranar 17 ga Oktoba ƴan asalin yankin suka far wa zangonsu a Cullin-la-ringo, suka kashe mutum 19, har da mahaifinsa. Tom ya tsira don ya tafi ɗauko guzuri. Ramuwar da Turawa suka yi ta ci rayukan ɗaruruwan ƴan ƙasa, kuma har gobe masana na gardama kan ko da hannunsa a ciki. Shi ɗin ne kuma a 1866 ya horar da ƙungiyar kurket ta ƴan asalin ƙasa, ya shiga fili tare da su a Melbourne.

Daga baya giya ta fi ƙarfinsa. Ya kashe kansa a 1880, yana da shekara 44, kabarinsa ya shekara ɗari ba alama. Yau mutum-mutuminsa na tsaye a bakin babban filin wasa na Melbourne.

Ni da nake koyar da yara, abin da ya dame ni shi ne yadda ake ba su labarin gwani a tsallake inda ba daɗi. Wanda ya faɗi wasiƙar 1858 ya boye abin da ya faru a 1861, rabin tarihi ya ba su.