Daga Atina Zuwa Ajin Adabin Hausa: Waiwaye a Kan Tarihin Kalmar "Tirajidi"

1.0 Gabatarwa

Idan malamin adabi ya zo koyar da rabe-raben wasan kwaikwayo, yakan gaya wa ɗalibansa cewa akwai na ban dariya, akwai kuma na ban tausayi. Wannan na biyu shi ne fassarar da muka saba yi wa abin da Turawa suke kira tirajidi. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan kalma tun daga asalinta, domin mu ga abin da ta ɗauka da abin da ta zubar a kowane zango. Yin haka ya zama wajibi, saboda ɗaliban da muke horarwa a kwalejojin ilmi su ne za su kai duk ma'anar da muka ba su cikin makarantun sakandare.

2.0 Asalinta a Ƙasar Girka

Kalmar ta fito ne daga harshen Girkanci, tiragodiya, wato "waƙar akuya". Wasa ne da ake gasarsa a birnin Atina lokacin bikin abin bautarsu Diyonisos, kuma ya bunƙasa a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) a hannun marubuta uku: Esikilos da Sofokilis da Yurifidis. Wasanninsu sama da 30 kaɗan ne suka tsira zuwa yau.

Aristotal (384-322 kafin Miladiyya) shi ne ya fara nazarin waɗannan wasanni a wani ɗan littafi da Larabawa suka sani da sunan Kitabush Shi'ir. A ganinsa, tirajidi kwaikwayon wani babban al'amari ne mai farko da tsakiya da ƙarshe, wanda yake tayar da tausayi da tsoro a zukatan 'yan kallo, har a kai ga wanke zuciya daga gare su. Ya kasa wasan gida shida, amma ya fifita zubin labari a kan sauran, har a kan halayen 'yan wasa. Cikin zubin ya nuna abubuwa uku: kuskuren tauraro, da juyin al'amari, da ganewa.

Misalin da ya fi so shi ne wasan Sarki Odifus na Sofokilis. Annoba ta auka wa birnin Tibis, sarki ya lashi takobin gano wanda ya kashe sarkin da ya gada. Wani manzo ya zo da niyyar kwantar masa da hankali, sai labarin da ya kawo ya buɗe hanyar tonon asiri: ashe sarki da kansa ne ya kashe mahaifinsa, ya auri mahaifiyarsa, ba da sani ba. Juyin al'amari da ganewa ke nan suka zo a lokaci guda. Abin lura shi ne, tauraron ba mugu ba ne, ba kuma waliyyi ba ne. Mutum ne kamarmu, shi ya sa faɗuwarsa take ba mu tsoro.

3.0 Zangon Bagadaza da Ƙurɗuba

A ƙarni na 10 Miladiyya, Abu Bishir Matta bin Yunus, wanda ya rasu a Bagadaza a 940, ya fassara littafin Aristotal daga Suriyananci zuwa Larabci. Da yake Larabawan zamanin ba su da dandamali irin na Girkawa, sai ya nemi mafi kusa a cikin adabinsu: ya kira tirajidi madahu, ya kira wasan ban dariya hija'i, wato zambo. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya gwammace ya bar kalmar Girkancin yadda take. Amma Ibn Rushd na Ƙurɗuba (1126-1198) ya bi madahu da hija'i a sharhinsa, yana kafa misalai da waƙoƙin Larabawa irin na Mutanabbi.

Fassarar Matta tana da hujja, domin Aristotal da kansa ya ce tirajidi yana kwaikwayon mutanen da suka fi mu daraja. Sai dai ta kama darajar tauraro, ta saki faɗuwarsa a gaban 'yan kallo.

4.0 Komawarta Turai

A 1256 wani malami da ake kira Harman Bajamushe ya fassara sharhin Ibn Rushd zuwa Latin a birnin Toledo. Ta haka masanan Turai suka daɗe suna fahimtar Aristotal da idon Ibn Rushd, a matsayin mai magana kan waƙar yabo da ta zargi. Sai a 1508 aka buga matanin Girkancin a birnin Benis na Italiya.

Daga nan kuma aka faɗa wani ƙetare haddin. A 1570 Kastalbetro ya fitar da ƙa'idojin haɗin kai guda uku: al'amari ɗaya, a wuri ɗaya, cikin yini ɗaya. Alhali kuwa na farkon kaɗai Aristotal ya wajabta. Batun yini ambato ya yi masa, na wuri kuwa bai kafa masa doka ba. Da irin waɗannan ƙa'idoji aka soki wasan Le Cid na Kornai a Faransa a 1637, shi kuwa Shakisfiya a Ingila bai ɗaure kansa da su ba a wasanni irin Makbes.

Zamani ya ci gaba da sauya ma'anar. Hegel, a ƙarni na 19, ya ga cewa tushen tirajidi karo ne tsakanin gaskiya biyu, kamar yadda Antigoni ta fifita haƙƙin binne ɗan'uwanta a kan dokar sarki. A 1949 kuma Ata Mila na Amurka ya kare ra'ayin cewa talaka ma yana iya zama tauraronsa.

5.0 Gadon da Ya Rage: Zubin Labari

Abin da ya jure duk wannan tafiya shi ne fifita zubi. A 1928 Biladimir Furof na Rasha ya nazarci tatsuniyoyi 100 na ƙasarsa, ya gano cewa sunayen taurari suna sauyawa amma ayyukansu 31 ne, suna kuma zuwa bi da bi. Aikin da tauraro ya yi cikin labari shi ne abin dubawa, kamar dai yadda Aristotal ya nuna. Wannan ne ginshiƙin nazarin labari na zamani, kuma shi muke taɓawa idan muna maganar zubi da tsari.

6.0 Kammalawa

Mu ma ga shi mun tsaya inda Matta ya tsaya. "Ban tausayi" ta kama tausayi, ta bar tsoro, ta kuma yi shiru game da zubi. Mu ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934. Wahalar uwar Umar, wadda ta bi sawun ɗanta har ta faɗa cikin bauta, ta kuma rasu jim kaɗan bayan sun sadu, abin tausayi ce ƙwarai. Amma sace Umar aka yi yana yaro, babu kuskuren da ya jawo masa, kuma ya ƙare yana malami mai daraja. Ke nan labarin na ban tausayi ne, amma bai zama tirajidi ba a ma'aunin Aristotal.

Saboda haka muna ba da shawarar a riƙe "ban tausayi" don tasirin labari a zuciya, a kuma ari "tirajidi" don nau'in zubin, kamar yadda Ibn Sina ya yi. Sa'an nan a koya wa ɗalibi ya tambayi kowane wasa abu uku: wane kuskure tauraro ya yi, a ina al'amari ya juya masa, kuma me ya gane a ƙarshe. Muna fatan mahalarta wannan taro za su tattauna wannan shawara kafin a daidaita kalmomin nazarin adabi da za su shiga littattafan makarantu.