Yadda hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha take aiki

Ƙaramin asibitin unguwa shi ne inda mai juna biyu take zuwa awo, nan ake yi wa jariri allurar rigakafi, kuma nan ake fara kai yaro idan zazzaɓi ya rufe shi. Amma mutane da yawa ba su san wanda ke riƙe da wannan asibiti ba. Shi ya sa idan magani ya ƙare ko rufin ɗakin haihuwa ya fara yoyo, sai a bar jaki ana dukan taiki, a sauke fushi a kan ma'aikaciyar da aka tarar. A tsarin da ake bi yanzu, alhakin yana wuyan hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha.

Asalin kafa ta

Kiwon lafiya a Najeriya hawa uku ne. Gwamnatin Tarayya ke riƙe da asibitocin koyarwa, jihohi ke kula da manyan asibitoci, ƙananan kuwa an bar su a hannun ƙananan hukumomi. Bayan taron Alma-Ata na 1978, wanda ya ɗora lafiyar al'umma a kan matakin farko, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ƙarfafa tsarin a zamanin da yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992. A 1992 ɗin ne aka kafa hukumar NPHCDA domin ta ja ragamar aikin a matakin ƙasa.

Sai dai a jihohi aikin ya kasance a warwatse. Hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ke ɗaukar ma'aikaci, albashinsa ya fito ta ma'aikatar ƙananan hukumomi, ma'aikatar lafiya ta duba aikinsa, shugaban ƙaramar hukuma kuma ya sauya masa wurin aiki idan ya ga dama. Jihar Jigawa na cikin waɗanda suka fara ɗinke wannan ɓaraka, inda a 2007 ta kafa tsarin Gunduma mai majalisu 9. A 2011 Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince kowace jiha ta tattara matakin farko ƙarƙashin inuwa ɗaya: shugabanci ɗaya, tsarin aiki ɗaya, hanyar sa ido ɗaya.

Tsarin shugabanci

Majalisar dokokin jiha ce ke yin dokar kafa hukumar, don haka suna da iko sukan bambanta daga jiha zuwa jiha. A bisa al'ada gwamna ne ke naɗa kwamitin gudanarwa da Babban Sakatare, wanda wasu jihohi ke kira Darakta Janar. Shi ke tafiyar da aikin yau da kullum, kwamishinan lafiya kuma ya tsara manufofi tare da sa ido. Daga cikin sassan hukumar akwai na rigakafi da yaƙi da cututtuka, na lafiyar uwa da yaro, na magunguna, na tsare-tsare da ƙididdiga, da na kuɗi da mulki.

A kowace ƙaramar hukuma akwai ofishin lafiya da ke karɓar umarni daga hukumar ta jiha. Daga nan sai mazaɓa, inda manufar ita ce a samu aƙalla asibiti ɗaya mai cikakken aiki. A Jihar Kano, alal misali, wannan na nufin ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Kowace mazaɓa ana son ta kasance da kwamitin ci gaba da ya ƙunshi masu unguwanni, malaman addini, mata da matasa, domin ya zama idon jama'a a kan asibitinsu.

Inda kuɗi ke fitowa

Albashin ma'aikata shi ne kaso mafi nauyi, kuma a jihohi da dama daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Akwai kuma kasafin jiha da gudummawar ƙungiyoyi irin su UNICEF da Gavi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara wata ƙofa da ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Dokar ta ware kashi 50 ga inshorar lafiya, 20 ga magunguna da alluran rigakafi, 15 ga gyaran gine-gine da kayan aiki da sufuri, 10 ga bunƙasa ma'aikata, 5 kuma ga agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin. Wani ɓangare yana shiga asusun asibitin kai tsaye, kuma ba a cire shi sai da sa hannun shugaban asibitin da na shugaban kwamitin mazaɓa.

Aikin yau da kullum

Tafiyar allurar rigakafi ta isa misali. Takan taso daga rumbun ƙasa zuwa na shiyya, ta sauka a na jiha, ta wuce na ƙaramar hukuma, sannan ta isa asibitin mazaɓa. Akasarin alluran a asibiti suna buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, don haka firjin da ya lalace a ƙauye ɗaya yana iya salwantar da rigakafin yaran mazaɓa guda. Hukumar ce ke tabbatar da cewa an yi wa jariri allura ranar haihuwa, da mako 6, 10 da 14, sai wata 9 da wata 15. A ƙarshen kowane wata asibitoci na tura alƙalumansu sama, da su ake lissafin abin da za a aiko.

Ɓarkewar annoba kuwa hanyarta daban. Jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma shi ke kai rahoto ga jami'in annoba na ma'aikatar lafiya ta jiha, daga nan zuwa hukumar NCDC a Abuja. Haka nan manyan asibitoci suna ƙarƙashin hukumar kula da asibitoci ne, inshorar lafiya ma da tata hukumar.

Duk wannan tsari ba ya tafiya sai da yardar jama'a. Dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 ya sa cutar ta sake bazuwa zuwa wasu ƙasashe. Shigowar sarakuna da malamai na cikin abin da ya juya lamarin, har aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ranar 25 ga Agusta, 2020.

Abin da ke gaba

Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Tun da daga wannan kaso ake biyan ma'aikatan ƙananan asibitoci, dole jihohi da ƙananan hukumomi su daidaita kan wanda zai riƙe albashi, domin mai biyan ma'aikaci shi ke da iko da shi. Kafin nan, mai ƙorafi zai fara ne da shugaban asibiti, sai kwamitin mazaɓa, sai ofishin lafiya na ƙaramar hukuma. Idan abin ya faskara, ofishin Babban Sakatare ne zai ba da amsa.