Luj, Wasan da Masu Itace Suka Haifa

Mutumin Birnin Gwari bai san dusar ƙanƙara ba, iyakarsa hunturu da hazo. Amma ya san wahalar fito da itace daga daji zuwa bakin hanyar Kaduna, kuma irin wannan wahala ce ta haifi wasan luj a tsaunukan Alf na Turai. Manoman can kan ɗaura itace da ciyawa a kan amalanke marar taya, su sulalo da shi gangare bisa ƙanƙara. Sai da baƙi masu kuɗi, galibi 'yan Ingila, suka riƙa zuwa Suwizalan shan iska da neman lafiya, sannan kayan aikin talaka ya zama abin tsere. A ranar 12 ga Fabrairun 1883 aka yi gasar ƙasa da ƙasa ta farko, kilomita 4 daga Dabos zuwa Kulostas, inda wani ɗalibi ɗan Ostareliya da wani ma'aikacin gidan waya ɗan yankin suka yi kunnen doki a minti 9 da daƙiƙa 15.

Wani zai ce wannan tarihi ya wuce, luj na yau wasan masu hannu da shuni ne. Akwai gaskiya a ciki. An kafa hukumar wasan ta duniya a 1957, wasan ya shiga gasar Olamfik ta hunturu a Insburuk a 1964, kuma a 1969 Jamus ta buɗe hanyar farko da injin sanyi ke daskarar da ita. Yau ɗan wasa kan kwanta rigingine, ƙafafu a gaba, ba birki, yana juya amalanken da ƙwauri da kafaɗa, gudunsa ya haura kilomita 130 cikin sa'a. Jamus na da irin waɗannan hanyoyi huɗu, Afirka ba ta da ko ɗaya, don haka ba mamaki Jamusawa ke kwashe lambobi. Neman ƙarin gudu ya ci rai ma: Nodar Kumaritashbili ɗan Jojiya ya rasu wajen atisaye a Kanada a 2010.

Duk da haka, a ganina kuɗin ya rufe asalin ne kawai, bai kashe shi ba, kamar yadda damben filin wasa bai raba dambe da mahauta ba. Har yanzu ƙauyukan Tirol, a Ostiriya da arewacin Italiya, suna tsere a kan hanyoyin daji da ake yayyafa wa ruwa su daskare da sanyin Allah, kuma wannan reshe yana da gasar duniya tasa tun 1979. Ba a shigar da shi Olamfik ba, alhali shi ne wanda yaron ƙauye zai iya farawa a bayan gidansu.