Auren da Ba a Taɓa Ɗaurawa Ba

Kakata ba ta yin miya sai da gishirin beza, wanda ayarin Buzaye ke saukowa da shi daga Balma. Ina yaro nakan zuba shi a tafin hannu ina mamakin yadda wasu ƙwayoyinsa ke fita kamar ƙananan tubala. Amsar wannan mamaki ta ɗauki masana fiye da ƙarni guda.

A 1807 Humphry Davy ya yi amfani da lantarki a Landan ya fitar da sodiyam, ƙarfe mai laushin da wuƙa ke yankawa, mai tafarfasa idan ya taɓa ruwa. A 1810 ya tabbatar da cewa kilorin, iskar nan mai shaƙe numfashi, sinadari ce mai zaman kanta. Guba biyu ke nan suka haɗu suka zama abin miya. Masana suka ɗauka aure ne: ƙwayar sodiyam ɗaya riƙe da ta kilorin ɗaya.

Svante Arrhenius ya fara girgiza wannan zato a 1884. Ya ce idan gishiri ya narke a ruwa, rabuwa yake yi gida biyu, kowane ɓangare da cajinsa na lantarki. Malamansa a Uppsala suka ba kundinsa maki mai rauni, da ƙyar ya tsira. A 1903 wannan ra'ayi ya kawo masa kyautar Nobel.

Aikin da ya fi burge ni shi ne na William Bragg da ɗansa Lawrence. A 1913 suka haska gishiri da hasken eksire, suka nemi ma'auratan nan suka rasa. Kowace ƙwayar sodiyam kilorin shida ne kewaye da ita, haka ma kowace kilorin, jeri bisa jeri. Daga baya aka fahimci dalili: sodiyam ya sallama ilektron ɗaya, kilorin ta karɓe, sai saɓanin caji ya sa kowa ke jan duk maƙwabtansa. Tubalan tafin hannuna wannan jerin ne ya girma har ido ya gan shi. Ruwa kuwa, da yake kowane gefen ƙwayarsa da irin cajinsa, shi ke ɓamɓare su ɗaya-ɗaya a tukunya.

Ba kowa ya miƙa wuya ba. Har a 1927 tsohon masani Henry Armstrong yana rubutawa a mujallar Nature cewa hankali ba zai ɗauki wannan magana ba. Ya rasu a 1937, littattafan makaranta kuwa suka bi bayan Bragg.