Yadda ake farfaɗo da kwamfutar da ta ƙi tashi ba tare da faifai ba

Da dama daga cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake saye a shagunan Sabon Gari da titin Beirut a birnin Kano na hannu ne, waɗanda aka riga aka yi amfani da su a Turai ko Amurka.

Mai saye kan fito daga shago da kwamfutar da cajarta, wani lokaci da jaka. Babu kwali, babu takardar kamfani, babu kuma faifan da ake maido da manhajar na'urar da shi idan ta lalace.

Don haka ranar da ɗalibi a unguwar Kwaciri ko ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya danna maɓalli kwamfutar ta ƙi tashi, shawarar da yakan fara ji ita ce a kai ta a yi mata fomatin, wato a share komai a zuba sabuwar Windows.

Wannan hanya tana da sauri, amma takan tafi da kundin kammala karatu, da lissafin bashin abokan ciniki, da hotunan iyali. Sau da yawa kuma ana iya tayar da na'urar ba tare da faifan ba, ba tare da an yi asarar ko da takarda ɗaya ba, muddin aka bi matakan daki-daki.

Ina faifan ya tafi?

A zamanin Windows XP, wadda ta fito a shekarar 2001, kamfanoni kan haɗa sabuwar kwamfuta da faifan CD ko DVD mai ɗauke da manhajar.

Daga baya suka daina. Sai suka koma ware wani ɓoyayyen sashe a cikin ma'ajiyar bayanai ta kwamfutar, suna ajiye kwafin manhajar a can. Sababbin kwamfutoci ma akasari ba su da wurin sa faifai kwata-kwata.

Ke nan ko wanda ya sayi sabuwa dal a kwali ba zai samu faifan ba. Abubuwa biyu ne suka maye gurbinsa: wancan ɓoyayyen sashe, da kuma filash ɗin da kowa zai iya haɗawa da kansa.

A fara gano inda cutar take

Ƙin tashi iri uku ne, kuma kowanne da maganinsa.

Na farko shi ne kwamfutar ta yi shiru gaba ɗaya, babu fitila, babu ƙarar fanka. Wannan matsalar wuta ce, ba ta manhaja ba. Sai a gwada wata cajar da ta dace da ita. Idan batirinta mai cirewa ne a cire shi, a zare caja, a danne maɓallin kunnawa na kimanin daƙiƙa 30, sannan a mayar da cajar kaɗai a kunna.

Na biyu shi ne fitila ta kama, fanka na juyawa, amma allo ya kasance baƙi, wani lokaci da ƙara ko walƙiyar fitila a jere. Galibi abin da ke jawo haka shi ne ƙwaƙwalwar wucin gadi da ake kira RAM ta sassauta daga mazauninta, ko kuma allon kansa ya lalace. Haɗa kwamfutar da talabijin ta wayar HDMI kan nuna ko laifin na allo ne.

A waɗannan biyun zuba sabuwar Windows ba zai amfana komai ba.

Na uku shi ne tambarin kamfani ya bayyana, sannan na'urar ta tsaya, ko ta riƙa sake kunna kanta, ko ta nuna shuɗin allo, ko ta rubuta "No bootable device". A nan ne batun manhaja ke shigowa.

Ko a nan ma akwai buƙatar a duba lafiyar ma'ajiyar bayanai tukuna. Kwamfutocin HP na da gwajin da ake shiga ta hanyar danna Esc sannan F2 da zarar an kunna. A na Dell kuwa ana samun gwajin a jerin zaɓin da maɓallin F12 ke fitarwa.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin batir mai kama da kwabo a cikin kwamfutoci da yawa, wanda ke riƙe agogo da saitin farko na na'urar, wato BIOS. Idan ya mutu saitin kan koma na asali, kwamfutar ta kasa ganin Windows ɗin da ke zaune lafiya a cikinta. Alamarsa ita ce kwanan wata ya koma shekarun baya. Maido da saitin tsakanin UEFI da Legacy kan wadatar a irin wannan hali.

Yanayin Kano na da tasiri

Ƙurar hunturu kan toshe fanka da mafitar iska, sannan zafin watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni kan kai digiri 40, ya same ta a toshe. Na'urar da ta yi zafi fiye da kima kan kashe kanta.

Kwamfutar hannu kuma kan zo da batirin da ya gaji, wanda ba ya riƙe wuta. Idan lantarki ya ɗauke ko janareta ya tsaya a daidai lokacin da Windows ke sabunta kanta, fayilolin da take tashi da su kan lalace. Wannan na daga cikin sanannun dalilan da ke sa kwamfutar da ta yi aiki lafiya da daddare ta ƙi tashi da safe.

Ceto bayanai kafin gyara

Lalacewar Windows ba ta nufin lalacewar takardun da ke cikin na'urar. Suna nan a inda suke, hanyar kaiwa gare su ce ta toshe.

Hanya ta farko ita ce a tayar da kwamfutar da wata manhaja daga filash. Ubuntu, wani nau'in Linux da ake bayarwa kyauta tun shekarar 2004, na iya aiki kai tsaye daga filash ba tare da an zuba ta a kwamfutar ba. Da ita ake buɗe ma'ajiyar a kwashe takardu zuwa wani wuri. Abin lura shi ne a zaɓi gwada manhajar, kada a zaɓi zuba ta.

Hanya ta biyu ita ce a ciro ma'ajiyar a sa ta a ɗan akwatin da ake haɗawa da wata kwamfutar ta kafar USB. Ana samun irin wannan akwati a shagunan kayan kwamfuta. Sai dai a wasu ƙananan kwamfutoci ma'ajiyar a like take, ba ta ciruwa.

Idan tsohuwar ma'ajiya ce mai juyawa kuma ana jin tana ƙas-ƙas, to a kashe na'urar nan take, domin kowane kunnawa na ƙara lalata ta.

Masu sabuwar ma'ajiya ta SSD su ma su yi hattara. Abin da aka share daga cikinta ya fi wuyar dawowa fiye da na tsohuwar, saboda takan goge gurbin da kanta jim kaɗan bayan sharewar.

Kayan gyaran da ke cikin Windows

Windows 10 da Windows 11 na ɗauke da sashen gyara na kansu. Yakan buɗe da kansa idan na'urar ta kasa tashi sau biyu a jere. Idan bai buɗe ba, ana iya tilasta masa ta hanyar danne maɓallin kunnawa da zarar tambarin Windows ya bayyana, a maimaita sau biyu ko uku. A Windows 7 maɓallin F8 ne ke kaiwa can.

Akwai zaɓuɓɓuka a ciki, kuma ya fi dacewa a fara da mafi sauƙin illa.

Startup Repair kan binciki fayilolin tashi ya gyara su da kansa. Uninstall Updates kan cire sabuntawar ƙarshe idan ita ce ta jawo matsalar. System Restore kan mayar da manhajar yadda take a wata rana da ta gabata ba tare da taɓa takardun mutum ba, idan dai an taɓa ajiye irin wannan rana. Safe Mode kuwa kan tayar da Windows da mafi ƙarancin kayan aiki, yadda za a samu damar cire abin da ke hana ta tashi.

Idan duk waɗannan sun gaza, sai a koma ga Reset this PC. Yana da zaɓi biyu: wanda ke barin takardun mutum ya cire manhajojin da aka zuba, da wanda ke share komai. Tun shekarar 2020 an ƙara masa damar sauko da sabon kwafin Windows daga intanet, abin da ke cin data fiye da gigabait 4.

Kamfanoni ma na da maɓallan da ke buɗe nasu ɓoyayyen sashen: F11 a HP, Alt da F10 a Acer, F9 a Asus, da wani ɗan ƙaramin maɓalli mai suna Novo a gefen kwamfutocin Lenovo da yawa. Sai dai wannan hanya kan mayar da na'urar yadda ta fito daga masana'anta, wato takan share komai. Haka kuma a kwamfutocin hannu sau da yawa an riga an goge sashen tun kafin su iso kasuwa.

Filash a madadin faifai

Kamfanin Microsoft na bayar da wata manhaja kyauta a shafinsa na intanet, mai suna Media Creation Tool, wadda ke mayar da filash ya zama tamkar faifan Windows.

Ana buƙatar wata kwamfutar mai lafiya, da intanet mai ƙarfi, da filash mai aƙalla gigabait 8. Duk abin da ke cikin filash ɗin zai goge.

Bayan an haɗa shi sai a sa a kwamfutar da ta lalace, a danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. Daga nan ana iya zaɓar gyara maimakon zubawa, abin da zai buɗe kayan gyaran da aka ambata a sama.

Ko da ta kai ga zuba sabuwar Windows, ba dole ne a share ma'ajiyar ba. Idan aka zuba ta a sashen da tsohuwar take ba tare da fomatin ba, tsofaffin takardu kan koma cikin wata jaka mai suna Windows.old. A gaggauta kwashe su, domin Windows kan iya share jakar da kanta bayan ɗan lokaci.

Batun lasisi ma ya yi sauƙi. Tun daga Windows 8 a shekarar 2012, manyan kamfanoni ke binne lambar lasisin a cikin na'urar kanta, kuma sabuwar Windows kan gane ta idan an zuba nau'in da ya dace. A kwamfutocin zamanin Windows 7 lambar na kan wata takarda da aka manna a ƙasan na'urar ko a ƙarƙashin batir.

Makullin BitLocker

Akwai wata katanga da babu mai gyaran da zai iya tsallake ta. Wasu kwamfutoci na kulle ma'ajiyarsu da tsarin BitLocker, kuma idan aka samu matsala sukan nemi wata lamba mai alƙaluma 48 kafin su buɗe.

Galibi lambar na ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita na'urar. Idan da asusun mai shago ko na wani aboki aka saita ta, to lambar na wurinsa. Ba tare da ita ba, Ubuntu ko ciro ma'ajiyar ba za su fito da komai ba.

Duniya ta ga muhimmancin wannan a ranar 19 ga watan Yulin 2024, lokacin da wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta hana na'urori tashi a filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci a ƙasashe da dama. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 ne abin ya shafa.

Maganin shi ne shiga Safe Mode ko sashen gyara a goge fayil ɗaya. Amma ma'aikatun da ba su da lambobinsu na BitLocker a kusa sun fi daɗewa kafin su farfaɗo.

Tsofaffin na'urori

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a watan Janairun 2020, sannan ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga watan Oktoban 2025.

Windows 11 kuma, wadda ta fito a 2021, na da sharuɗɗan da kwamfutocin da aka ƙera kafin wajen shekarar 2018 akasari ba su cika ba. Irin waɗannan na da yawa a hannun jama'a.

Za su ci gaba da aiki, amma kariyarsu na raguwa. Wanda aikinsa bai wuce rubutu da shiga intanet ba zai iya zuba musu Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda ke tafiya a kan tsofaffin na'urori kuma ba a biyan kuɗin lasisinsu.

A shagon mai gyara

Ba kowa ke da wata kwamfutar ko isasshiyar data ba, don haka da yawa za su ƙare ne a teburin mai gyara a Sabon Gari, ko titin Beirut, ko kasuwar Farm Centre.

Yana da kyau mai kwamfutar ya faɗa tun da farko cewa akwai bayanai masu muhimmanci a ciki, kuma kada a yi fomatin sai da izininsa. Ya tafi da filash ɗinsa ko wata ma'ajiyar, a kwashe takardun a gabansa, ya buɗe wasu daga ciki ya tabbatar sun kwafu.

Ya kuma tambayi inda aka samo Windows ɗin da za a zuba, domin kwafin da aka yi wa kwaskwarima don kauce wa lasisi kan zo da manhajojin satar bayanai. Idan an gama gyara ya sauya kalmomin sirrinsa na imel da na banki.

Da zarar na'urar ta dawo aiki, Windows na da wani sashe mai suna Recovery Drive da ke haɗa filash ɗin ceto. Sai a haɗa shi tun tana lafiya, a rubuta lambar BitLocker a takarda a adana, a kuma riƙa ajiye kwafin muhimman takardu a wani wuri dabam da kwamfutar.