Yadda ayarin Damagaram ke lissafi kafin ya tunkari duwatsun Abzin

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san Birni ya san Zango. Birni shi ne garin sarki mai ganuwa, Zango kuwa asalinsa masaukin ayari ne, inda Buzaye da fatake ke sauke kaya su ɗaure raƙuma. Yaro daga Kara-Kara zai taka da ƙafa ya je can ya dawo bai gaji ba, amma da wuya ka ji an gaya masa cewa a nan ake shirya tafiyar da ke cin watanni, wadda ke ratsa duwatsun Abzin har ta kai Ghat da Gadamas da Tarabulus a bakin teku. Ina ganin malamai da iyaye muna da abin koyarwa a cikin yadda mutanen da suke shirya wannan tafiya, domin hanyar tana nan, kuma 'ya'yanmu suna binta har gobe.

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi dogon mulkinsa daga 1851 zuwa 1884, Damagaram ta zama babbar mahaɗar kasuwanci tsakanin Kano da Barno da ƙasashen Larabawa. Ana fita da jemammun fatu da gashin jimina da hauren giwa da turkuɗi, haka kuma ana fita da bayi, wanda wajibi ne mu faɗa wa yara gaskiyarsa. Ana shigowa da takarda da alharini da allurai da madubai da bindigogi. A ƙarshen ƙarnin, attajirai irin su Malam Yaro sun yi suna da wannan fatauci. Sai dai tsakanin Damagaram da riba akwai Abzin, ƙasar duwatsu wadda ƙololuwarta, a kan tsaunin Bagzan, ta kai mita 2,022, kuma babu inda ya fi ta tsawo a duk Nijar.

Abu na farko da ake lissafawa shi ne lokaci. Ayari ba ya tashi don mutum ɗaya ya ƙosa. Masu zuwa ɗaukar gishiri a Fashi da Bilma sukan bar Abzin wajen watan Oktoba, bayan damina, lokacin da raƙuma suka ƙoshi da ciyawa kuma zafi ya fara sauka. Idan sun dawo sai su gangaro kudu da kantu da dabino cikin hunturu, su iso Damargu da Damagaram da Kano a daidai lokacin da gero ke rumbu, su sayi hatsin da zai riƙe iyalinsu, wanda kuma za su kai Bilma baɗi. Ke nan tafiyar bana ita ke biyan guzurin ta baɗi. Amma hunturu yana da nasa haraji, domin sanyin dare a kan dutse yakan kai ga ruwa ya daskare, don haka bargo da riga mai kauri suna cikin lissafi kamar yadda salka take.

Na biyu shi ne nauyi. Raƙumi yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma ba duka kayan sayarwa ba ne. Dole a ware wasu raƙuman don ruwa da gero da harawa. A hamadar Tenere, inda babu abin da dabba za ta ci, masu ayarin gishiri suna ɗaukar dammunan ciyawa tun daga Abzin, suna ajiye wasu a hanya don su tarar da su a dawowa. Mutumin da ya ajiye abincin dawowa tun yana kan tafiya, ai ya gama fahimtar abin da muke kira kasafi a yau.

Na uku shi ne kuɗin hanya. A 1851 a Kano ana canjin riyal ɗaya na azurfa a kan wuri 2,500, wato keso guda mai wuri 20,000 riyal takwas ke nan. Wuri yana da nauyi, kuma ba ko'ina yake ci ba. A Agadas a wancan lokaci gero ne ke zaman kuɗi a kasuwa. Saboda haka falke yakan mayar da dukiyarsa abin da ake karɓa a gaba, kamar zane da rawani da hatsi. Daga ciki ne zai biya hayar raƙuma, da ladan jagora, da fito, da gaisuwar masu ƙasa waɗanda sai da yardarsu ake shan rijiya lafiya. Madugu shi ke tara wannan daga 'yan ayari, kowa gwargwadon kayansa, shi ke magana da sarakuna, shi ke cewa a tashi ko a kwana. Shi ya sa ake masa kirari da uban tafiya.

Tarihi ya adana mana labarin waɗanda suka raina wannan tsari. A watan Yuli na 1850, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya bar abokan tafiyarsa kusa da Ghat ya hau dutsen Idinen shi kaɗai, alhali Buzaye sun gargaɗe shi. Ruwansa ya ƙare, ya ɓata, ƙishirwa ta kai shi ga tsotsar jinin jikinsa, sai washegari wani Buzu ya bi sawunsa ya tsince shi rai a hannun Allah. Da suka iso bakin Abzin kuma, shi da abokansa sai da suka ba da kaso mai yawa na kayansu kafin a bar su su wuce. Daga ƙarshe da ayarin gishiri na Kel Ewe, a ƙarƙashin shugabansu Annur, suka gangaro kudu, har ɗaya daga cikinsu, James Richardson, ya shiga Damagaram a watan Janairu na 1851.

Na biyunsu ya fi girma. A watan Oktoba na 1898 rundunar Faransa ta Foureau da Lamy ta taso daga Aljeriya da raƙuma wajen dubu. Suna da bindigogi da kuɗi, amma ba su da makiyaya a hanya, kuma ba su da amincin mutanen ƙasa. Kafin su daɗe a Iferwan, a arewacin Abzin, yawancin raƙuman sun mutu. Suka maƙale watanni, suka ƙona kayan da ba su da abin ɗaukarsu, ba su iso Damagaram ba sai watan Nuwamba na 1899, bayan fiye da shekara guda.

Wannan fatauci na Tarabulus ya durƙushe bayan 1911, shekarar da layin dogo ya iso Kano kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Kaya suka juya zuwa Ikko. Raƙumi ya ba mota wuri, amma nisan rijiyoyi bai ragu ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da yara, kuma da damansu daga yankin Kance suka fito, nan jiharmu. Tun daga 2014 kuma zinariyar Jado ta ja samari da yawa zuwa arewa. A unguwanni irin Kara-Kara, inda aikin yi ya yi ƙaranci, maganar tafiya ba ta fita daga bakin matasa.

Hana yaro mafarkin tafiya ba ya aiki, mun gwada mun gani. Abin da za mu iya shi ne mu koya masa tambayoyin madugu. Wane lokaci ne na shekara? Kwana nawa ne tsakanin ruwa da ruwa, kuma in mota ta tsaya kwana uku, ruwan zai kai? Wa ya san hanyar, kuma wa ya san shi? Nawa aka ware na dawowa wanda ba za a taɓa ba? Wa ke gida da ya san ranar da ya kamata a ji ɗuriyarka?

Malamin lissafi zai iya mayar da wannan darasi a aji. A ce mutum ashirin za su yi kwana goma, kowa yana shan lita biyar a yini, lita 1,000 ke nan. To a ƙara kwana uku na tsautsayi a ga abin da ya ƙaru, a kuma ga kayan wa za a sauke don ruwan ya samu wuri. Malamin tarihi ya kai ɗalibai Zango su ga inda ayari ke sauka. Iyaye kuma, in ɗanku ya zo da maganar arewa, kafin faɗa a zaunar da shi a ba shi takarda da alƙalami ya rubuta kuɗin zuwa da na zama da na dawowa. Da yawa a nan za su gane cewa shirinsu bai kai ba tukuna, su dakata su ƙara shiri. Wanda lissafinsa ya cika kuwa, a yi masa addu'a, Allah ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya.