Yadda za a binciki labarin kakan da ya tafi yaƙin Turawa bai dawo ba

A ƙauyukan Ajekoriya da kewayen Dakoro akwai gidajen da har yau ake cewa "wane ya tafi soja zamanin Nasara, shiru ke nan". Faransa ta kwashi samari daga ƙasar nan a yaƙin duniya na 1 (1914-1918) da na 2 (1939-1945), ta sa su a rundunar da ake kira Tirailleurs sénégalais. Kada sunan ya ruɗe ku: ba ƴan Senegal kaɗai ba ne, har da namu.

Mu dai shawararmu, a fara daga gida. A zauna da tsofaffi tun suna da rai, a tambayi sunan mutumin na yanka, sunan mahaifinsa, da sarkin da ke kan gado lokacin da aka ɗauke shi. A buɗe tsofaffin akwatuna ko za a dace da littafin soja, lambar yabo ko takardar fansho. Abin da ya fi komai daraja shi ne lambarsa ta soja, domin suna kaɗai yana yaudara. Magatakardan Faransa sun rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya ji: Mamman ya koma Mamane ko Mahamane, Usaini ya koma Ousseini. Shekarar haihuwa ma sau da yawa ƙiyasi ce. Sannan kada a dage sai an ga "Adjekoria" a takarda. Kwamin ɗinmu ta zamanin nan ce, su kuwa sunan yankin mulkin kumandan na lokacin suke sawa, kamar Maradi ko Tessaoua, wani lokaci "Niger" kawai.

Daga nan sai intanet. Ma'aikatar sojan Faransa tana da shafi mai suna Mémoire des hommes, kyauta ne, ana iya buɗe shi a waya. Yana ɗauke da katunan mamata fiye da miliyan 1 na yaƙin farko, da kuma jerin na yaƙi na 2. Katin yakan nuna bataliya, lambar soja, ranar mutuwa, wurin, da ko harbi ne ko ciwo. A gwada rubutun sunan iri-iri kafin a fid da rai. Takardun waɗanda suka mutu ko aka kama a yaƙi na 2 suna ajiye a birnin Caen, na aikin soja kuma a Pau. Da yake ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, wasiƙa ko ɗan'uwa da ke can su ne hanya.

Wasu kakanni kuma Najeriya suka tsallaka suka shiga sojan Ingila, aka kai su Burma. Su a shafin Commonwealth War Graves Commission ake neman su.

Amma fa takarda ba ta faɗin komai. A Chasselay kusa da Lyon, sojan Jamus sun kashe sojojin Afirka da suka kama a Yunin 1940, kuma kaburbura da yawa a maƙabartar can ba suna. A Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, sojan Faransa ne da kansu suka buɗe wuta kan waɗanda suka nemi kuɗinsu. Hukuma ta ce mutum 35, masana tarihi suka ce sun fi haka nesa, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan kiyashi ne.